Hatimin da Na Sa Aka Sassaƙa a Ataba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, ko kuma kina sama tsakanin Alƙahira da gida, in haƙuri ya gaza kin farke ambulan tun a jirgi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki.

Za ki yi mamakin mutumin da taku uku ne tsakanin shimfiɗarsa da taki amma ya zauna rubuta miki wasiƙa. A motar nan da muke kwana ciki, wadda Misirawa ke kira karafan, ba a yin magana sai kowa ya ji. Ban da haka, shekara biyu ke nan ni da ke ba mu yi zancen da ya wuce na miƙo buta ba. Ina zaune a kujerar direba, takarda a kan sitiyari, mamanku na baya tana cusa miki turaren wuta a lungun akwati. Tafiyar nan ke kika shirya ta da Gwaggonki Hadiza ta waya. Ba ki nemi izinina ba, sanar da ni kika yi. Na ji zafi, amma da na duba sai na ga ban bar miki wata ƙofar ba.

Ba labari zan ba ki ba. Abin da na ɓata zan faɗa miki, don kada ki ɗauke shi ki kai gaba.

Idan kin isa Malumfashi za ki ji ana kiran ubanki Ustazu. Ban gama karatu ba, Ummi. Na zo ƙasar nan da tallafin karatu ina da shekara ashirin da biyu. Na faɗi jarrabawar shekara ta uku, na maimaita, na sake faɗuwa, aka yanke tallafin. A ranar na buga wa Inna waya, mahaifiyata da kika ci sunanta, na ce mata na wuce. Ta yi guɗa har na nisanta wayar daga kunnena. Magana ɗaya ce, ba ta kai minti ɗaya ba, amma tun ranar nake mata bauta. Na koma kasuwar Ataba ina yi wa fatake tafinta, ina ɗaukar musu dilolin abaya da takalma a kafaɗa. 'Yan Yamai da 'yan Kumasi nake bi. In na ji harshen Katsina a layi sai in sunkuyar da kai in canza kwana. Ku kuma na bar ku kuna tsammanin na gama, aiki ne kawai ban samu ba.

In kin faɗi, ki faɗa da bakinki a ranar da kika faɗi. Kunyar yini ɗaya ce, za a yi miki jaje a wuce wurin. Wadda aka ɓoye ita ce ke girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, a wayi gari ita ke riƙe da gidan.

Ƙaryar ce ta sayi motar nan. Tunda ba ni da takardar da zan nuna, sai na ce zan koma da abin da ido zai gani. Na hango ta a garejin Amm Ragab a unguwar Dokki, wani Bature ɗan yawon duniya ya yar da ita, da gadaje da murhun gas da 'yar ma'ajiyar ruwa. Na ga kaina ina shiga Malumfashi da ita, yara na bin ta a guje, ana cewa Ustazu ya tuƙo gida guda tun daga Masar, wa zai tsaya tambayar takarda? Kina da shekara goma lokacin da na ce mu bar ɗakinmu na unguwar Arba wa Nus. Na gaya wa mamanku wata uku ne kacal za mu yi a motar kafin mu kama hanya.

Ta ce, "Baban Ummi, wata uku na Hausawa ko na Misirawa?"

Na ce, "Wata uku na Allah."

"To, Allah Ya nuna mana. Amma babbar tukunyata ba zan bayar ba."

Na sa ta bayar, don babu wurin ajiye ta. Yau shekara tara.

Kin haddace hanyar, domin ni na zana ta da fenti a rufin da ke saman gadonki. Aswan, Wadi Halfa, Khartum, mu ratsa Mai Wurno mamanku ta ga danginta, sannan yamma, Abeshe, Njamaina, Maiduguri, Kano. Shekarar farko inji ne bai yi ba. Ta biyu takardun mota. Ta uku mamanku na da cikin ƙanwarki Nana. Kullum da dalili, kuma kowane dalili gaskiya ne, shi ya sa ban taɓa kama kaina ba. Inna ta rasu a tsakiyar dalilan nan, ban je ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan hanya ta rufe, mamanku na kuka tana neman layin ƙannenta, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, wani sanyi na ji a ƙirjina, don na samu uzurin da ba mai musa shi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Idan kika ga kina murna da abin da ya hana ki tafiya, to dama ba ki yi niyyar tafiyar ba. Ki faɗa wa kanki haka, ki sauke kaya, ki bar mutanen da ke jiranki su zauna su ma.

Ban bar ku kun zauna ba. Na hana a kira motar gida. Gida Malumfashi ne, wannan mota ce. Kin tuna na'ana'ar da mamanku ta shuka a gwangwanin tumatir ta ɗora a taga? Ta fito kore shar, har ta fara saka mana a shayi. Na dawo daga Ataba ranar da wani ɗan kasuwa ya zage ni, na ɗauke gwangwanin na wurga bayan katanga. Na ce mai shuka ba shi da niyyar tashi. Mamanku ta share ƙasar da ta zube a kan matashinki. Kuma duk inda kuka fara sabawa da mutane, sai in tada inji. Da na ji ki da Maryam 'yar Amm Ragab kuna tsalle kuna zuba Larabcin titi kamar a nan aka binne cibiyar kakanki, washegari na mai da mu bakin hamada wajen garin Oktoba, inda sai an yi tafiyar rabin awa da jarka kafin a samu famfo. Injin da ya kasa kai mu Aswan bai taɓa kasa gudu daga maƙwabta ba.

Duk inda kika kwana arba'in, ki san sunan maƙwabcinki, ki shuka wani abu ko a gwangwani ne. In tashi ya zo, a bar wa na baya. Ba a yin asarar na'ana'a.

Yanzu maganar makaranta, wadda ita ce ta kawo mu nan.

Kina aji huɗu a makarantar 'yan Sudan na cire ki. Na ce me za ki yi da karatun wata ƙasa alhali wata uku ya rage mana? Ni zan koyar da ke, in ya so a gida ki ɗora. Na shafa wa murfin kabad baƙin fenti ya zama allo. Na kafa doka. Da ƙarfe bakwai a naɗe shimfiɗa, a sauke tebur, in ɗora hulata zanna, daga nan babu Baba, sai Malam. Wanda ya kira Baba a aji zai fita ya tsaya a rana. In an kira azahar sai in cire hular in ce, "An tashi," ke da ƙanenki Sadiƙu ku yi tsalle ku ɗare wuyana kuna Baba, Baba, kamar daga tafiya na dawo. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ne lokacin da na fi so a duk yinin.

Zan yi wa kaina adalci kamar yadda nake ƙoƙarin yi wa kowa. Na koyar da ke da gaske. Kina karanta boko da ajami, Larabcinki na littafi ya fi na ɗaliban da ke yawo da rawani a birnin nan, Turancinki ba abin kunya ba ne, kin sauke Alƙur'ani a kan teburin da muke cin abinci. Wannan ba wanda zai ƙwace miki. Amma makaranta ce da ke rufewa duk ranar da wata Hajiya ta sauka daga Yamai tana neman tafinta, da duk ranar da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce yalla, a bar nan. Kuma makaranta ce mai malami ɗaya, wanda iliminsa ke da iyaka amma girman kansa ba shi da ita.

Kina da shekara goma sha uku kika ɗaga hannu kika ce, "Malam, amsar nan ba haka take a littafi ba."

Na ce littafin ne ya yi kuskure.

Kika ce, "Na gwada sau uku, Malam. Littafin ne daidai."

Na fitar da ke rana, a watan da ƙarfen motar ke ƙona tafin hannu. Da kuka tafi ɗibar ruwa na zauna na sake lissafin, na ga ke ce da gaskiya. Ban gaya miki ba. Washegari na tsallake babin gaba ɗaya na ce ba shi da amfani. Lissafina a nan ya ƙare, naki kuma a nan na tsayar da shi. Za ki haɗu da babin a jarrabawa, ki nemi wanda ya iya ya koya miki. Kuma duk ranar da Allah Ya ɗora ki a kan wani, ɗa ne ko ɗalibi ko majinyaci, ki koyi cewa ban sani ba. Ni sai da na yi furfura na iya furta ta, kuma har yanzu tana maƙale mini a wuya.

Sai hatimi. Kin san shi, amma ba ki san yadda aka yi shi ba. A ƙarshen shekararmu ta farko kika tambaye ni ina takardar sakamakonki, don a tsohuwar makarantarku ana bayarwa. Na je wurin wani mai sassaƙa hatimi a Ataba na ce ya rubuta Madrasatul Musafirin, makarantar matafiya, da Larabci da Turanci, ya sa hoton buɗaɗɗen littafi a tsakiya. Ya tambaye ni a ina makarantar take. Na ce sabuwa ce. Duk shekara in sayi takarda mai kauri, in jera darussa, in ba ki maki, in sa hannu a matsayin shugaba, in danna hatimi. Da farko don in faranta miki ne. A hankali ni ma na yarda da abin. Mutumin da bai iya samun takarda ɗaya ba ya wayi gari yana raba ta. Mamanku ta taɓa cewa, "Baban Ummi, wasan nan ya isa haka, khalas, yarinya na girma." Na ce mata ilimi ake nema ba tambarin hukuma ba.

Kina da sha bakwai kika ce aikin jinya kike so, kin ga wata cibiya a Dokki da ke ɗaukar ɗalibai. Kika jera takardu bakwai a jakar leda, kika goge su da gefen mayafinki.

"Baba, za su karɓa?"

Na san amsar. Wallahi na san ta. Na ce, "Me zai hana?"

Na raka ki, amma ban shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofar ofishin inda nake jin komai ba a ganina. Magatakardan ya juya takardar gaba da baya, ya ce ina adireshin makarantar. Kika ce ba ta da wuri ɗaya, yawo take yi. Ya kira abokin aikinsa.

"Wa ke shugabanta?"

"Babana."

"Malamin lissafi fa?"

"Babana."

"Mai gadi fa, 'yata? Shi ma Baba ne?"

Suka yi dariya har ɗayan ya dafa tebur. Ban riƙe mutumin a zuciya ba. Da ya ga fuskarki ya daina, ya ce ma'alish, wato ki yi haƙuri, ya ce Larabcinki ya fi nasa, ya yi miki bayanin takardun da ake bukata a hankali kamar 'yarsa. Aikinsa ya yi, kuma da ni ne a kujerar da na dara. Wanda na riƙe shi ne mutumin da ke laɓe a bayan ƙofa, wanda ya kamata ya shiga ya ce ni na yi, ku yi da ni. Kika fito, kika miƙo mini jakar da hannu biyu, kika ɗan rusuna.

"Malam, ga takardunka."

La'asar ta wuce a lokacin, kuma babu hula a kaina. Tun daga ranar ba ki sake kirana da wani suna ba. Malam, abinci ya sauka. Malam, gas ya ƙare. Ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, da kin ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Kada ki tura wanda ya amince da ke ya shiga inda ke kike tsoron shiga. In kuwa har ya shiga, ki bi shi, a yi dariyar da ku biyu.

Garin da za ki tarar ba shi ne na allo ba. Na koya miki Malumfashin da na baro, na kuma ƙara mata gishiri. Za su yi dariyar Hausarki, don Hausar dattijo ce da ta kwana shekara ashirin da wani abu a akwati. Za su kira ki Balarabiya, bayan a nan an gama kiranki baƙa. Za ki zauna aji ɗaya da 'yan shekara sha huɗu kafin ki kai ga jarrabawar. Ki zauna. Gwaggonki na da kaifin baki, amma ba ta da mugunta, in ta yi faɗa ki durƙusa ki ba ta haƙuri, kafin magariba ta manta. Ki daina magana da raɗa, can ba mai kwana a bayan labule. Ki daina cin abinci a tsaye. Tattalin ruwa kuwa ki riƙe shi, zai yi miki rana. Gwaggonki ta ce ta gyara miki ɗaki mai ƙofa da sakata. Tun kina sha biyu mamanku ke cewa yarinya na bukatar ƙofa, ina cewa in mun je gida. Ki rufe ƙofarki duk lokacin da kika so, ba sai kin ba kowa haƙuri ba.

Saura abu ɗaya. Ban so ki sauka da ƙaryata a ka, ana tambayarki karatun ubanki kina rufa mini asiri. Shekaranjiya bayan azahar na tsaya a gefen masallacin Ataba na kira Gwaggonki. Na ce, "Hadiza, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye muku. Ban gama karatun nan ba." Na tsaya ina jiran salati.

Ta ce, "Yaya, ai mun sani."

Na ce tun yaushe?

"Tun Ummi na goye. Wani ɗan unguwarmu ya je sarin kaya ya hango ka da dila a kafaɗa, ya zo ya gaya wa Inna. Ita ta tara mu ta ce duk wanda ya nuna maka mun sani ba ta yafe ba. Ta ce a ci gaba da ce maka Ustazu har kunyar ta sake ka ka dawo. Har ta rasu, in an yi sallama da baƙuwar murya sai ta gyara ɗankwali."

Na zauna a kan dakalin masallacin, masu dako na ratsa ni. Na ɓoye wa mutanen da suka sani, su kuma suka ɓoye mini sun sani, kowa na tausayin kowa, tsohuwa ta mutu tana jira, ke kuma kika biya da shekara tara. Na so in ji haushin Inna, na rasa ta inda zan kama. Abin da zan ce miki kawai, rufin asiri alheri ne, amma in kin ga wanda kike rufa wa yana nutsewa da iyalinsa, ki yaye, ki kira shi da sunansa ki ce ya dawo haka nan.

Jiya na kai Sadiƙu da Nana makarantar da na cire ki. Shugabar ta tambayi takardunsu na baya, na ce babu, a gida na koyar da su, a gwada su a sa su inda suka dace. Sadiƙu ya koma baya da aji biyu, ya sha kuka, zai warware. Motar na kawo ta filin wani Basudane a Arba wa Nus, kusa da famfo, na ɗora ta a kan bulo na sayar da tayoyin huɗu. Da mamanku ta ga ana mirgina su ta tsaya da ludayi a hannu.

"Baban Ummi, yanzu in ce gida, ko har yanzu da saura?"

Na ce ta ce abin da ta ga dama. Da yamma na tarar da gwangwani a taga, da ƙasa a ciki. Ban san inda ta samo irin da wuri haka ba, kuma ban tambaya ba.

Abu mai nauyin da kika ji a ƙasan ambulan hatimin ne. Ban jefa shi a Nilu ba, don ba ni ya cuta ba. Ki ƙona shi, ko ki ajiye ki nuna wa 'ya'yanki ku yi dariya, hukuncinsa na hannunki. Ban ce ki yafe mini a takardar nan ba, wannan sai ranar da zuciyarki ta kawo da kanta. Kuma ban ce ki canza sunan da kike kirana ba, ni na koya miki shi, da rana na hore ki a kansa. Sanar da ke kawai nake yi cewa hular zanna na ba mai gadin filin nan, allon kuma mamanku ta wanke ta rataye ludayi a jiki. Azahar ta daɗe da yi, Ummi. An tashi.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki fi ubanki gaskiya da sa'a. Ya ba ki malamai masu cewa ba su sani ba, da maƙwabtan da za ki daɗe da su. Ya tsare mutuncinki da lafiyarki, Ya buɗa miki abin da na rufe. In an kai ki kabarin Inna ki yi mata addu'a, ki ce ɗanta ya ji saƙon. Ki gaida Gwaggonki da yaranta. Lambata ba ta canza ba, kuma yanzu kullum muna wuri ɗaya.

Wassalam.

Babanki,
Lawal
Arba wa Nus, Alƙahira